MAI GADIN DA KE CIKIN KWALBAR MAN SHAFAWA

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kaka ta wuce. An ɗaure hatsi, an cika rumbuna, sanyin hunturu ya fara busowa. Yanzu ne ƙafa take yin faso, leɓe yake tsagewa, jikin yara yake yin fari fat kamar an barbaɗa masu toka. Yanzu ne kuma samari da magidanta suke tafiya birni cin rani. In za su komo gida ba sa rasa tsaraba: atamfa, sabuni, turare, da man shafawa na uwargida da na jariri.

Wanda ya taɓa zuwa Yamai ya ji sunan Ƙaramar Kasuwa. Da Faransanci ana ce mata Petit Marché, Zabarmawa kuwa suna ce mata Habu Ganda. Tana tsakiyar gari, ba nisa da gidan tarihi na ƙasa. An san ta da kayan lambu, da kifi, da nama, da kayan yaji. A gefensu akwai masu tebur da ke sayar da sabuni, da kwalli, da lalle, da man shafawa iri-iri. A watan Janairu na 2012 gobara ta cinye kasuwar. Ƴan kasuwa da yawa suka watsu, wasu suka koma wasu kasuwannin gari. Amma sunan bai mutu ba, cinikin man shafawa ma bai tsaya ba. Irin kayan da ake kasawa can, su ne a Babbar Kasuwa, da Katako, da Wadata. Su ne kuma suke iso mu ranar kasuwar ƙauye, a kan tabarma ko a bayan babur.

Ga abin da yakan faru. Mutum ya sayi mai a birni, fari tas, mai ƙamshi. Ya kawo gida. Uwargida ta ga ya yi kauri, kuma tana son ya daɗe, sai ta ƙara masa ruwan randa ta kaɗa. Bayan sati biyu ko uku mai ya tsinke, ruwa ya taso sama, ƙamshi ya juya. Ba a zubar ba, don kuɗi aka sa. Aka ci gaba da shafa wa yaro. Sai ga ƙuraje a wuya da hammata, sai ido ya yi ja. A ce iska ce, a ce kambun baka ne. Ba wanda ya tuhumi kwalbar da ke kan taga.

Wannan wata, jaridarku za ta buɗe maku kwalbar nan, ku ga abin da ke ciki.

ABIN DA IDO BA YA GANI

Akwai halittu ƙanana ƙwarai da ido ba ya iya gani, sai da madubin likita. Ana kiran su ƙwayoyin cuta. Suna cikin ƙasa, da ruwa, da iska, da tafin hannunmu. Wasu ba sa cutarwa. Su ne ma suke mai da madara nono. Wasu kuwa suna ruɓar da abinci, suna kawo ciwo. Wani masani Bafaranshe mai suna Louis Pasteur ne ya tabbatar, wajen shekarun 1860, cewa waɗannan halittu su ne ke sa abu ya yi tsami ko ya ruɓe.

Haihuwarsu abin mamaki ce. Ƙwaya ɗaya takan rabu biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. In sun sami ruwa, da abinci, da ɗumi, wasu suna rabuwa kowane minti 20. Ku yi lissafi. Daga hantsi zuwa la'asar, wato awa 7, ƙwaya ɗaya tana iya zama fiye da miliyan 2. Zafin ƙasarmu kuwa, musamman a bazara, yana yi masu daɗi.

Ban da su akwai hunhuna, wadda kowa ya sani a jikin tuwon da ya kwana biyu, ko gyaɗar da aka ajiye da danshi. Ita ma tana kama man shafawa. Takan fito baƙi-baƙi ko kore-kore a bakin kwalba da cikin marfi.

RUWA NE ƘOFARSU

Ba sai an je lakkwal ba kafin a san wannan. Kakanninmu sun sani. Me ya sa kilishi yake yin watanni, alhali ɗanyen nama ba ya kwana biyu? An shanya shi. Me ya sa cuku yake zuwa daga Azawak har Yamai bai ɓaci ba, alhali madara takan juya kafin dare? An tsame ruwanta. Makiyaya sun fi kowa sanin man shanu. Ɗanyen mai, wanda aka ɗebo daga ƙwarya, yana da sauran ruwa a jikinsa. Kwana kaɗan sai ya yi wari. In aka soya shi har ya daina tsartsatsi, ruwan ya fita, sai a zuba a buteli ya yi watanni.

Dalili ɗaya ne. Ƙwayar cuta ba ta iya ci, ba ta iya haihuwa, sai da ruwa. Inda babu ruwa, ko ta faɗa, sai dai ta kwanta.

To, man shafawa iri biyu ne.

Iri na farko mai ne zalla. Man kaɗe, man gyaɗa, man ja, da basilin. Waɗannan ba ruwa a cikinsu. In an yi su da tsabta, an ajiye su da tsabta, suna tsare kansu.

Iri na biyu shi ne farin man nan mai laushi, mai sanyi a jiki, na cikin buteli ko kwalba, wanda yake shiga fata nan da nan. Ku sani, irin wannan fiye da rabinsa ruwa ne. A masana'anta ana dafa ruwa dabam, a narkar da mai dabam, sa'an nan a haɗa su da wani sinadari da yake hana su rabuwa. Ga ruwa, ga maiƙo, ga ɗumi. Wurin ƙwayar cuta wannan tuwo da miya ne. Haka sabunin ruwa, da na wanke kai, da man gyaran gashi, da baƙin ruwan da mata suke shafa wa gashin ido.

Don haka ne masu masana'anta suke zuba wani ɗan magani a ciki. Aikinsa ɗaya: ya kashe ƙwayoyin da suka faɗa, ya hana sauran haihuwa. Da Faransanci ana ce masa conservateur. Mu sai mu ce maganin hana lalacewa. Shi ne mai gadin kwalba. Ba ya gyara fata, ba ya ƙara ƙamshi. Gadi kawai yake yi, kamar yadda manomi yake zuba toka ko yashi cikin wake don kada ƙwari su cinye.

INA AKE SAMUNSA?

Matan da suke haɗa turaren wuta sun san jawul. Ƙaro ne na wani itace da yake fitowa a tsibiran Indonesiya, can gabashin duniya. Fatake ne suka daɗe suna kawo shi ta hannun Larabawa. Fiye da shekara 400 ke nan da Turawa suka gasa wannan ƙaro, suka sami wasu fararen ƙwayoyi masu tsami. A 1875 wani masani a Jamus ya gano cewa ƙwayoyin nan suna hana ruɓa. Daga nan aka sami maganin da ake rubutawa sodium benzoate. Yau yana cikin lemun kwalba da yawa, yana kuma cikin sabunin wanke kai.

Amma yanzu ba daga jawul ake yin sa ba. Duniya tana bukatar tan dubbai, itacen ba zai isa ba. Daga man fetur ake tsamo tushensa. A manyan masana'antu ana hura masa iska cikin zafi har ya juya ya zama wannan abu mai tsami. Sai a haɗa shi da soda, a shanya, ya fito fari kamar gishiri.

Na biyu shi ne dangin da ake kira paraben. An fara amfani da su tun shekarun 1920. Su ma tushensu man fetur ne. Ana dafa wani sinadari mai tsami tare da alkol na masana'anta, wanda ba na sha ba ne, a cikin manyan tukwanen ƙarfe. Su biyun sai su zama sabon abu. A sanyaya, farin gari ya kwanta, a wanke, a shanya, a gwada tsabtarsa, a ɗura a buhu.

Na uku ruwa ne mai ɗan maiƙo, marar launi, ana rubuta shi phenoxyethanol. Yana cikin man shafawa da yawa na zamanin nan. Akwai kuma potassium sorbate, wanda aka fara samun asalinsa a 1859 daga ƴaƴan wani itace na ƙasar Turai.

Kowane da halinsa. Wani ya fi ƙarfi kan hunhuna, wani kan sauran ƙwayoyi. Benzoate da sorbate ba sa aiki sai a cikin abu mai ɗan tsami. In an zuba su a abu mai kanwa-kanwa, asara ce. Don haka sau da yawa akan haɗa biyu ko uku a kwalba ɗaya.

Masana'anta ta gari ba ta fitar da kaya sai ta jarraba mai gadinta. Ana ɗibar man, a zuba masa ƙwayoyin cuta da gangan, iri 5, a rufe a ajiye. Ran kwana 7 a ƙirga waɗanda suka rage. Ran kwana 14 a sake, ran kwana 28 a sake. In ƙwayoyin sun mutu ko sun ragu yadda doka ta ce, kaya sun ci jarrabawa. In sun ƙaru, sai a koma a gyara haɗin.

AWO SHI NE MAGANA

Makiyayi ya san allurar dabba. In ta yi kaɗan ba ta warkarwa, in ta yi yawa tana kisa. Haka wannan magani yake. Ƙasashen Turai sun rubuta iyakar kowane ɗaya. A kilo guda na man shafawa, paraben iri ɗaya ba zai wuce giram 4 ba. Bai kai nauyin ƙwayar sukari ɗaya ta shayi ba. In an haɗa iri-iri, duka kada su wuce giram 8. Phenoxyethanol kada ya wuce giram 10, wato kamar ƙwayar sukari biyu. Benzoate a man da ake bari a jiki kada ya wuce giram 5.

Me yake faruwa in babu mai gadi? A 2023, a Amurka, aka sayar da wani ruwan ɗigawa a ido wanda ba a sa masa maganin hana lalacewa ba. Wata muguwar ƙwaya mai suna sudomonas tana ciki. Ita wannan ƙwaya mazauninta ruwa ne da ƙasa mai danshi, kuma in ta sami ƙujewa a baƙin ido tana iya cinye shi cikin kwana biyu. Hukumar lafiya ta ƙasar ta ƙirga mutum 81 da suka kamu. Mutum 14 sun rasa ganinsu, an cire wa mutum 4 ƙwayar ido, mutum 4 sun mutu. Ƙasa ce mai manyan asibitoci. Ina ga wanda tsakaninsa da gidan likita tafiyar yini ce a amalanke?

Me yake faruwa in maganin ya yi yawa? A 1972, a Faransa, aka yi kuskure a wata masana'anta. Wani magani mai kashe ƙwayoyin cuta ya shiga hodar jarirai, har kashi 6 cikin 100. Iyaye suka yi ta barbaɗa wa ƴaƴansu, da zuciya ɗaya. Maganin ya ratsa fata ya taɓa ƙwaƙwalwa. Yara 36 suka mutu, wasu fiye da 100 suka jikkata. Bayan wannan masifa ne Faransa ta kafa dokar kayan shafe-shafe a 1975, sauran ƙasashen Turai na ƙungiyarsu suka bi a 1976.

Har yau ana ta bincike, ana gyara dokokin. A 2014 ƙungiyar Tarayyar Turai ta hana paraben iri 5, ta rage awon wasu iri 2. Akwai wani magani mai dogon suna, methylisothiazolinone, da aka ga yana sa mutane da yawa ƙaiƙayi da kumburin fata. Daga 2017 aka hana sa shi a man da ake bari a jiki a ƙasashen nan. A yankinmu, ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashe masu kuɗin sefa, ta fitar da ƙa'idojin tantance kayan shafe-shafe a 2010. A Yamai akwai ɗakin bincike na gwamnati mai suna LANSPEX, inda ake gwada magunguna, da abinci, da ruwa. A Najeriya hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, ita take ba kaya lamba.

Amma doka tana tsayawa ne a bakin marfi. Da zarar an buɗe kwalba, sauran aiki namu ne.

YADDA MUKE KASHE MAI GADI DA HANNUNMU

Mai gadi ɗaya yana iya tsare ƙofa ɗaya. In aka fasa katanga ta ko'ina, sai ɓarayi su fi ƙarfinsa.

Hanya ta farko ita ce ƙarin ruwa. An auna maganin daidai da abin da ke cikin buteli. In kika zuba ruwa kwatankwacin man, kin raba ƙarfinsa biyu. Kuma ruwan rijiya ko na randa ya zo da nasa ƙwayoyin. Kin rage masu gadi, kin ƙara ɓarayi.

Ta biyu ita ce sayen tsiyaye. A kasuwa za ka ga babban bokiti a buɗe. Mai kaya yana ɗiba da cokali yana ƙullawa a leda, ko yana ɗurawa a tsohuwar kwalba, na dala goma, na dala ashirin. Ƙura tana faɗawa, ƙuda yana sauka, cokali ɗaya tun safe. Ba suna, ba kwanan wata, ba ka san ko an ƙara ruwa ba. Araha ba ta ado.

Ta uku ita ce haɗe-haɗe. Wasu suna juye mai iri uku ko huɗu a roba ɗaya, su matsa lemun tsami, su ƙara maganin bututu na farmasi, wai don fata ta yi haske. Kowane mai da awonsa. In an cakuɗa, maganin wannan yana iya kashe na wancan. Ban da haka, man sauya launin fata yakan ƙunshi abubuwa masu haɗari. Wasu suna da zaiba, wadda take lalata ƙoda da jijiyoyi, har ta isa ga ɗan da ke ciki. Wasu suna sa fata ta yi siriri, ta kasa kare kanta. Ƙasar Kodebuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015. Fatar da Allah ya ba mu ita ta dace da ranar ƙasarmu.

Ta huɗu ita ce yatsa. An dawo daga gona, ko daga tatsa, ko daga wanke wa yaro kashi, sai a tsoma hannu a kwalba. Gida guda, mutum goma, kwalba ɗaya.

Ta biyar ita ce rana. Kayan da suka yini a tebur cikin zafin bazara, wata da watanni, sukan tsinke. In ruwa ya rabu da mai, can cikin ruwan ƙwayoyi suke taruwa.

KWALLI, HODA DA CIBIYA

Kwalli busasshe ne, ba ya ruɓa. Haɗarinsa yana ga maɗigi, wato tsinken da ake sa shi da shi. In mai ciwon ido ya yi amfani da shi, ya ba wani, ya ba shi har da ciwon. Haka amodari da apolo suke zagaya gida. Kowa ya riƙe nasa tsinke, kada a jiƙa shi da miyau. Ku sani kuma dutsen kwalli yakan ƙunshi darma, ita kuwa darma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Kada a sa wa jariri.

Busasshen abu ma yana iya ɗaukar cuta in tun farko da datti aka yi shi. Wasu ƙwayoyi suna kwanciya cikin ƙura shekara da shekaru, sai sun sami rauni su farka. A 1946, a ƙasar Niyu Zilan, jarirai sun mutu da ciwon sarƙewar haƙora saboda hodar da ta zo da ƙwayar ciwon daga ƙasar da aka haƙo ta. Don haka cibiyar jariri ba wurin hoda ba ce, ba wurin man shanu ko man kanti ba ce. A bar ta da tsabta, a bushe. In za a sa wani abu, sai wanda ungozomar likita ta bayar.

GA MATA MASU SANA'A

A yankin Gaya da sauran kudancin jihar Doso, inda itacen kaɗe yake, mata sun gaji yin man kaɗe daga iyayensu. A wurare da yawa kuma ƙungiyoyin mata, irin su Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, suna tara kuɗi suna kama sana'a. Cikin sana'o'in akwai sabuni da man shafawa. Wannan abin farin ciki ne. Ga abin da zai sa kayanku su yi daraja.

Man kaɗe ba ya bukatar maganin kanti. Abin da yake bukata shi ne a raba shi da ruwa. A shanya ƙwarar da kyau, a tsince mai hunhuna a zubar. Bayan an kwashe man an wanke, a mai da shi wuta marar ƙarfi har ya daina tsartsatsi, kamar yadda ake soya man shanu. A tace da ƙyalle mai tsabta, busasshe. A zuba a mazubi busasshe. A bari ya huce kafin a rufe, don kada gumin marfi ya ɗiga ciki. Ƙa'idar da aka amince da ita don ƙasashen Afirka a 2017 ta ce man kaɗe mai kyau ruwansa bai wuce giram 2 a kilo ba. Mai saye na birni da na ƙasar waje wannan yake fara dubawa.

In man kaɗe ya tsufa ya yi wari da ɗaci, sau da yawa iska ce, da zafi, da haske, da tsatsar ƙarfe suka ɓata shi. Maganin wannan shi ne marfi mai kyau, da inuwa, da guje wa gwangwani mai tsatsa.

Sabunin salo da sabunin sanda su ma suna tsare kansu. Toka ko sodar da aka yi su da ita tana da kaifin da ƙwayoyi ba sa so. A dai ajiye su inda ruwa zai tsane.

Sabunin ruwa da farin man shafawa su ne masu wuya, don ruwa ne mafi yawansu. In za ku yi su don sayarwa, sai da maganin hana lalacewa, sai kuma da ma'auni. Ba a auna shi da ido, ba a auna shi da marfin buteli. A tafasa ruwan aiki, a wanke bido da muciya, a shanya su. A sayi maganin inda yake da suna a rubuce, a bi awon da malamar sana'a ta koyar. A rubuta ranar da aka yi kaya a jikin kowane buteli. A yi kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da zai ƙare da wuri.

Wasu suna zuba formol a sabunin ruwa, don yana da araha. Formol shi ne ruwan da ake ajiye gawa da shi a manyan asibitoci. Yana ƙona ido da hanci, yana sa ƙaiƙayi. A 2004 hukumar duniya mai binciken ciwon daji, wadda take birnin Liyon na Faransa, ta sa shi cikin abubuwan da suke kawo wannan ciwo. Ku nisance shi. Kada kuma ku dogara ga turare, ko zuma, ko lemun tsami, ko man dogon yaro. Turare yana rufe wari ne kawai, ƙwayoyin suna nan da ransu.

KARATU YA YI RANA

Ku da kuka shiga ajin yaƙi da jahilci, ga inda wahalarku za ta biya ku. Ko rubutun kwalba ba da Hausa yake ba, baƙaƙen su ne waɗanda kuka koya. Kafin ka miƙa kuɗi, juya kwalbar ka duba.

1. Nemi jerin abubuwan da ke ciki. Ana fara rubuta wanda ya fi yawa. In ka ga Aqua, ko Eau, ko Water a farko, ma'anarsu ruwa. To, wannan mai yana bukatar mai gadi.

2. Duba wajen ƙarshen jerin. Can ne sunan mai gadi yake, don shi ne kaɗan. Nemi kalma mai ƙarewa da paraben, ko benzoate, ko sorbate, ko phenoxyethanol. Akwai wasu sunayen ban da waɗannan. Amma kwalbar da ba ta da jeri ko kaɗan, bar ta.

3. Nemi kwanan wata. Sau da yawa yana bayan baƙaƙe uku, EXP. In an rubuta 06/2027, ma'ana wata na 6 na shekarar 2027. In lokaci ya wuce, ko an kankare lambar, kada ka saya.

4. A wasu kaya akwai hoton ƴar kwalba da marfi a buɗe, da rubutu 6M ko 12M. Ma'ana wata 6 ko wata 12 daga ranar da ka buɗe.

5. Duba sunan masana'anta da ƙasar da aka yi shi. In kayan Najeriya ne, nemi lambar NAFDAC.

6. Duba marfi. In an taɓa buɗewa, ko buteli ya kumbura, ko mai ya rabu da ruwa, mayar masa da abinsa.

A gida kuma, a wanke hannu da sabuni, a bari ya bushe, kafin a taɓa mai. A ɗiba da ɗan cokali mai tsabta. A rufe nan da nan. A ajiye cikin ɗaki, a inuwa, inda yara ba sa kai hannu. Buteli mai ƙaramin baki ya fi kwalba mai faɗin baki. Ƙarami da zai ƙare a wata biyu ya fi babba da zai shekara. Na jariri a ware masa nasa.

In launi ya sake, ko wari ya fito, ko kun ga ɗigon hunhuna, a zubar duka. Kwashe na sama ba ya tsarkake na ƙasa. Kada a shafa wa dabba a nono, don zai koma cikin ƙwaryar tatsa. Kuma ku tuna, mai yana iya cika da ƙwayoyi tun kafin hanci ya ji kome. Kada a shafa man kanti a kan gyambo, ko ƙuna, ko fason da yake jini.

In an shafa wani abu fata ta yi ja, ko ƙaiƙayi, ko kumburi, a daina, a wanke da ruwa mai tsabta. In ido ne ya yi ja da zafi, yana ƙin haske, kada a kwana. A tafi gidan likita, a riƙa kwalbar a hannu don malamin asibiti ya gani.

Ƴan'uwa, wanda bai da kuɗin man kanti bai yi asarar kome ba. Man kaɗe mai tsabta, ko basilin a rufe, sun ishe mu maganin hunturu. Wanda kuma zai saya, ya sayi rufaffe, mai suna, mai kwanan wata, kada ya ƙara masa ko ɗigon ruwa. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa. A karanta wa mata a gida da wurin taron asusu, don su ne masu riƙe da kwalbar. Masu shirin tafiya cin rani kuma su ji tun kafin su hau mota. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kai mu damana mai albarka.